Ciwon Barci da Abokin da Ya Ci Gadona Ina Raye

Salama gare ku, 'yan zauren karatu. Na daɗe ina bin shawarwarinku a kan sababbin littattafai, na soyayya, na ɓarayi da 'yan sanda, na aljanu, ban taɓa tofa albarkacin bakina ba. Jiya wata ta tambayi littafin tarihin da ya fi taɓa mu. Na kasa cin tuwo. Yau zan faɗi abin da na binne tun ina saurayi.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina aikin gadin daji a Kamuku. Ƙudan tsando a bakin rafi kamar an zuba su.

Da zazzaɓi abin ya fara. Na sha jiƙo, bai ji ba. Kaluluwa ta fito mini a bayan wuya. Sai barci: ina riƙe da loma in ɓingire.

A garinmu, Dogon Dawa, aka ce sammu ne. Innata ta ce, "Ko sammu ne, a kai mini ɗana asibiti." Ta sayar da awakinta, aka ɗora ni a bayan motar katako sai Kaduna.

Aka ɗebi jini, aka soki kaluluwar, sannan aka lanƙwasa ni aka zuƙi ruwa a ƙashin bayana. Har gobe ina jin wannan allurar.

Likita ya ce, "Ciwon barci ne, ya fara taɓa ƙwaƙwalwa. Maganin ma yakan yi kisa, amma ba mu da wani."

Mutumin gadon kusa da ni bai fita da ƙafarsa ba. Na koma tsoron rufe ido.

Shu'aibu, abokina tun firamare, yana koyarwa a Kaduna. Kullum da yamma yakan zo ya karanta mini littattafan labarai. Da suka ƙare ya ce, "Ɗanladi, ba ni naka, ko barcin ya sake ka."

Sai na ba shi labarin kakata, wadda mahara suka sace a gona tana yarinya, ta tsere, ta keta daji ita kaɗai har gida. Har waƙar Gwari da take yi wa kanta a hanya na rera masa. Yana ta rubutawa. "Don kada ciwon ya cinye maka shi," in ji shi. Na yi hawayen godiya.

Sannu a hankali na farfaɗo. Na koyi tafiya ina dafa bango, aka sallame ni da sharaɗin in riƙa komawa gwaji.

Bayan damina, a teburin mai shayi a kasuwar Birnin Gwari, na ji ana karanta sabon littafi a rediyo. Kakata ce, har tabon ƙafarta. An mai da ita 'yar sarki, an cire waƙarta. Marubuci kuwa Shu'aibu.

Na je har gidansa. Na ce, "Ko sunanta ba ka bari ba? Ko nawa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ɗanladi, lokacin fa likita ya gaya mini ba za ka tashi ba."

Ashe ba jinya yake zuwa ba. Gado yake ci, ni kuwa ina numfashi.

Ban sake taka ƙofarsa ba. Ya riga mu gidan gaskiya, na yafe masa a baki, zuciya kuwa har yanzu tana gardama.

Na gode wa Allah da ya tashe ni. Na gode wa Inna, Allah ya jiƙanta, da nas ɗin da ke ba ni kunu a baki, wadda ko sunanta ban riƙe ba.

Shawarata: zazzaɓin da ya ƙi tafiya, ga kumburi a wuya, ga barcin da ba na Allah da Annabi ba, kada a tsaya neman maye, a tafi asibiti. In an ce a dawo gwaji, a dawo. Ku riƙa kai wa majinyata littattafai, suna rage dogon yini.

Ku kuma matasan marubuta, in mara lafiya ya ba ku labari, ku nemi izininsa tun yana iya cewa a'a.