Ɗan Fari a Tsakiyar Igiyoyi

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗan fari, kuma mutanenmu da suka taso daga ƙauyukan Hausawa na bakin kogi a Sudan sun ƙetaro bahar da wannan kunya kamar yadda suka ƙetaro da tabarma da buta. Uba ba ya ambaton sunan ɗansa na fari, ba ya fuskantarsa da magana, ba ya nuna a gaban mutane cewa ya san da zamansa. A gidanmu na unguwar Sa'alaba a Jidda, in Baba yana son in yi wani abu, sai ya dubi ƙanwata ya ce, "Ke, faɗa wa wancan ya kawo garwa." Ina tsaye kusa da shi, amma sai maganar ta bi ta bakin yarinya kafin ta iso ni. Ko karatun allo, shi ya koya wa ƙannena da kansa, ni kuwa aka kai ni wurin malamin maƙwabta, can na koyi ajami.

Sana'arsa ga-ruwa ce. Lokacin famfo bai shigo lungunanmu ba, sai ya ɗebo daga bazan, wato famfon unguwa, garwa biyu rataye a sanda, yana raba wa gidaje. In ya ɗauki nauyi bakinsa ba ya rabuwa da istigfari. Tun daga bakin lungu muke jin "Astagfirullah, astagfirullah" mu san ya dawo. In ya iso ƙofa kuma sai ya yi gyaran murya, kowa ya kama kansa.

A makarantar gwamnati na shiga kashshafa, abin da 'yan ƙasar Hausa ke kira sikawut. Ustaz ɗin da ke kula da mu mutumin Hijaz ne, mai fara'a, mai son ƙirƙiro wasanni. Da sanyi ya shigo a wata shekara, ya ce za a kai mu zango a wani kwari gabas da gari, a yi gasa tsakanin rukunoni, wanda ya ci ya riƙe tutar makaranta har baɗi. Shugaban rukuninmu, wanda muke kira arifi, jikan Hausawa ne haifaffen Jidda. Yana jin Hausa sarai, amma in zai yi ta sai Larabci ya cinye rabi. Wannan ce shekararsa ta ƙarshe a makaranta, kuma tutar nan ta shiga ransa.

Kafin tafiya ustaz ya bayyana wasan rufewa. Ranar Juma'a mota za ta kawo iyaye maza. Kowane rukuni zai ba da yaro ɗaya, a ɗaure masa ido, a sa shi cikin filin da aka saƙa da igiyoyi, ubansa ya kira shi ya fito da shi da murya. Aka jefa ƙuri'a da tsinke a rukuninmu, gajeren ya faɗo a hannuna.

Na bi ustaz har ofis na ce ko za a ba wani.

"Abuka, babanka, yana da rai?"

"Yana da rai, ustaz."

"Kurma ne? Bebe ne?"

"A'a."

"To halas, shi ke nan," in ji shi, yana dariya, ya dafa kafaɗata.

Ban iya ce masa ubana ba ya magana da ni ba. Zai ɗauka ƙiyayya ce, ko wani laifi na yi, in jawo wa Baba zargin da bai ci ba. Na je wa arifi da maganar, tunda shi ɗan gida ne. Ya buɗe baki ya dube ni.

"Ya shekh, har yanzu kuna wannan? Wallahi jaddi, kakana, shi ne na ƙarshe a gidanmu. Ka ce wa Baba yom wahid ne kawai, rana ɗaya!"

"Ta yaya zan ce masa?"

"Da baki, ya miskin. Ko shi ma a Sudan kuka baro shi?"

A gida Inna ta saurare ni tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba, domin ita ma kunyar ta shafe ta. Daga ƙarshe ƙanwata ce ta kai saƙon, ni ina bayan ƙofa. Baba ya ce, "Allah ya kai mu." Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Na rasa wanne zan roƙa wa Allah. In bai zo ba, rukuninmu ya faɗi ba tare da an gwada ba. In ya zo, ko dai ya karya abin da ya gada a gaban jama'a, ko ya bar ni a tsaye.

Zangon kansa ya yi daɗi ga kowa ban da ni. Iskar arewa tana kaɗawa da asuba har alwala ta zama jarrabawa. Mun sare ƙayar da ke filin muka tara ta a gefuna kamar shinge, muka kafa tantuna, muka haƙa murhu. A kafa tanti mun zo na ɗaya. A hura wuta da ashana guda mun zo na biyu, domin wani daga cikinmu ya yi atishawa a kan harshen wutar, abin da aka yi ta yi masa tsiya da shi har muka girma. A ƙulle-ƙullen igiya kuwa ba wanda ya kama ƙafar arifi. Kowace nasara tana ƙara mini nauyi, domin zuwa ranar Alhamis mu ne a gaba da ɗan kaɗan, kuma kowa ya san saura wasana. Yara suna wucewa suna bugun bayana: "Gobe taka ce, ya baɗal, jarumi!"

Ranar Juma'a motar ta iso bayan azahar. Ina leƙe daga bakin tanti na ga iyaye suna saukowa, can ƙarshe sai ga Baba cikin farar jallabiyarsa ta masallaci. Ya gaisa da ustaz hannu biyu, ya gaisa da kowane yaro na rukuninmu, ya wuce ni kamar turken tanti.

Bayan sallar la'asar aka kira iyayen 'yan wasa daga kan tabarmi. Yashin kwarin mai laushi ne, Baba ya taso ya bar takalmansa inda ya cire su. Ustaz ya faɗi doka: uba ba zai shiga cikin igiyoyi ba, ba zai taɓa ɗansa ba, kuma ba wanda zai yi magana sai shi. An ɗaura igiyoyin a turaku daidai ƙwauri, sun karkace nan da can, an rataya musu gwangwanaye masu tsakuwa. Wanda ya taɓa, gwangwani zai tona shi, a mai da shi farko.

Aka ɗaure mini ido da gyalen wuyana, aka juya ni, aka busa usur.

Nan take filin ya cika da sunaye. Kowane uba yana kwarara sunan ɗansa, yana ce masa dama ko hagu da Larabci, "Yamin, ya waladi! Yasar! Yalla, yalla!" Na kasa kunne cikin hayaniyar ina neman muryar da na sani. Babu. Na tsaya ƙafafuna a haɗe, hannuwana a miƙe kamar mai lalube. Igiya tana gabana ko bayana, ban sani ba. Na ji gwangwanin wani ya yi ƙara, an yi dariya, an mai da shi, ubansa yana zaginsa da suna. Har zagin nan na yi sha'awa.

Arifi ya kasa daurewa. Na ji muryarsa: "Baba, don Allah, kallim shi! Kira shi!" Ustaz ya tsawata masa, sannan shi ma ya ce, "Ya ammi, ɗanka yana jira." Gumi ya jiƙa gyalen duk da sanyin, na ji kamar an sa ni a rijiya an rufe. In cire gyalen, na kunyata rukuni. In taka da ka, na kunyata kaina. Na fara karanta abin da ya zo bakina.

Sai na ji ta, can gefen hagu, ba inda iyaye suke tsaye ba. "Astagfirullah. Astagfirullah." A hankali, da irin nishin da yake yi in garwa tana kafaɗarsa. Na juya fuskata wajen, na ja ƙafa. Na sake ja. Muryar tana nan, ina bin ta. Sai gyaran murya, irin na ƙofar gida. Na tsaya cik. Shiru ya biyo baya, mai tsawo, sannan istigfarin ya ɓullo daga wani gefe dabam. Na gane abin da yake yi: yana zagaya filin ta waje, ya tsaya daidai inda hanya ta buɗe, in nufo shi.

Amma zagayen yana cin lokaci. Na ji an yi wa na farko tafi, sannan na biyu. Sunaye suka yi ta raguwa har filin ya yi tsit, ba abin da ya rage sai iska da muryar Baba, yanzu dama, an jima hagu. Ba wanda ya yi dariya. Ban taɓa gwangwani ko ɗaya ba har na ji hannun ustaz yana kwance mini gyale. Ni ne na ƙarshe. Tuta ta tafi wani rukuni.

Da idona ya washe na nemi Baba, ya riga ya juya baya yana komawa wurin tabarmi. Tafiyarsa ce ta ba ni mamaki, yana taka gefen ƙafa. Na dubi inda ya bi. Ba wata hanya a bayan igiyoyin sai kan ƙayar nan da muka tara da hannunmu.

Arifi bai yi mini magana ba sai da muka naɗe tanti. Idonsa ja, ya ce, "Kalma wahda, wallahi. Da kalma ɗaya mun ci." Gaskiya ya faɗa. A mota ya matsa wa Baba wuri a kan buhun tantuna, ya zauna a ƙasa.

Mun iso gida gab da magariba. Baba ya zauna a kan tabarma ya miƙe ƙafafu, tafin duk ɗigon jini da baƙaƙen kawunan ƙaya. Inna ta kawo ruwan ɗumi da allura, ta ce hasken ya yi mata kaɗan. Ƙanwata ta miƙa hannu za ta karɓa. Baba ya dubi bango ya ce, "Ke, ba wa wancan. Ya fi ki ido."

Na durƙusa na ɗora ƙafarsa a cinyata. Tana da nauyi, ta yi kaushi kamar ɓawon itace. Ina cirewa yana jan carbi, fuskarsa tana wajen bango, har aka kira salla ban gama ƙafa ɗaya ba.