Hannayen Anti Ƙyalli

Kafin kowa ya iso cibiyar koyon sana'ar hannu, Anti Ƙyalli ta riga ta share rumfar da ke bayan gida. Sai ta ɗaga bakin gyalenta ta ga inda iska ta nufa, ta shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan tebur, ta rufe hanci da baki, sannan ta ɗauki gwangwanin feshi ta yi ta girgizawa har ƙararsa ta ishi kowa. Aikinta shi ne mataki na ƙarshe. Mai zanen tukunyar fure, mai furen takarda, mai sassaƙa firam ɗin hoto, duk wurinta suke ƙarewa, ta fesa musu fentin nan marar launi da ke hana ruwa da rana cin aiki.

Ba ta san gaggawa ba. Daga ɗan nesa take fesawa, sama-sama, ta bari ya sha iska, ta ƙara. In wani ya ce, "Anti, ki tula masa sau ɗaya mana mu tafi," sai ta ce, "In na tula zai yi hawaye, kai ma ka yi." Shekara da shekaru masu saye na yabon masu zane, ba wanda ya taɓa tambayar wa ya hana launin koɗewa.

Ana gobe baje kolin kayan ɗalibai aka tashi da ruwa. Anti ta ce yau ba feshi, damshi zai sa kaya su yi dusu-dusu, kuma ita ba ta feshi a cikin ɗaki. Akwai wata sabuwar ɗaliba mai goyo da ta ƙwallafa rai a kan farantan katako da ta zana. Ta faki idon Anti ta ɗauki gwangwani, ta shige ɗakin ajiya, ta rufe ƙofa da taga, ta kunna risho wai don su bushe da wuri.

Anti na cikin zaure warin ya daki hancinta. Ta miƙe zumbur. "Wa ke feshi a ɗaki?"

Ba ta rufe baki ba aka ji fuu, sai ihu. Baba Kafinta, wanda ke koyar da sassaƙa, shi ya banke ƙofar. Wuta ta kama labule da jaridu. Mai goyo na tsaye a tsakiya ta ƙame, ɗanta a bayanta. A kan kanta ga kwali cike da gwangwanayen feshi, gefensa ya fara ci. Kowa ya daskare a bakin ƙofa.

Anti ce ta kutsa. Ta fizgo mai goyo ta zani ta hankaɗa ta waje, ta koma. Baba Kafinta na cewa, "Ki fito! Zai fashe!" Ta rungumi kwalin nan da hannu biyu, yana ci da wuta, ta ratsa zaure da gudu ta wurga shi tsakar gida cikin ruwa. Ko taku uku ba ta yi ba gwangwani ɗaya ya fashe, gilashin taga ya zube. Sai a lokacin maza suka dawo hayyacinsu suka nemi bokiti da yashi.

Wata ɗaliba ta ƙwalla ƙara: "Anti, hannunki!"

Ta dubi hannayen kamar ba nata ba. Fatar ta saɓule. Abin da ta ce kawai shi ne, "Yaron ya yi kuka?" Aka ce ya yi. Ta ce, "To, yana numfashi ke nan." Sannan ta sulale ƙasa.

Ta daɗe a asibiti. Ranar da ta dawo, hannu a naɗe, ta tarar shugabar cibiya ta yanke shawarar korar mai goyo. Baki buɗe muka ji Anti ta ce, "In kun kore ta, gida za ta je ta yi feshi a kicin, ba mai hana ta. Ku ba ni ita."

Mai goyo ta durƙusa tana kuka. "Anti, ni na jawo miki. Da wane ido zan dube ki?"

"Da wanda za ki duba inda iska ta nufa, 'yata. Tashi ki girgiza gwangwanin nan, ni yanzu ba na iyawa."

Yatsun damanta sun ƙanƙance, ba sa iya danna kan gwangwani. Da baki ta koyar da yarinyar, tana tsaye a bayanta, har hannun yarinyar ya faɗa. A wannan watan Anti ke ajiye aiki, kuma mai goyo ce za ta gaje ta.

Anti Ƙyalli, uwar masu koyo, ke ce kika shiga inda mu duka muka tsaya kallo. Ke ce kika rasa amfanin yatsunki, kika kuma hana a wulaƙanta wadda ta yi sanadi. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya mai ɗorewa.

Ku kuma masu sana'a, ku yi feshi a fili, ku rufe hanci, ku nisanta gwangwani daga wuta. In ɗalibinku ya yi kuskure, ku jawo shi kusa ku koya masa. Wanda kuma ya san gidan Anti, ya je ya gaishe ta. Amma kada ku yi saurin miƙa mata kofin shayi cike, da hagu take karɓa yanzu.