Lallen Hassu

Ni dai ba ni mance wata ranar kasuwar Gangara, cikin daminar bara. Ina sitaj a likitar ƙauye, ɗan asibitin garin, wato koyon aiki ƙarƙashin majo, babban ma'aikacin wurin. Lokacin kaina ya fara girma, farar riga, ana ce mani dakta.

Wajen hantsi aka sauko da wata Bafulatana daga amalanke, Hassu. Fuska ta kumbura, ƙafafu kamar turmi, ta ce fitsarinta kumfa yake. Nan take na ce ƙoda ce. Majo ya ce na yi daidai, amma me ya taɓa ƙodar?

Ya kama hannunta yana juyawa. Lalle baƙi ƙirin, har tafin ƙafa. Ya tambaye ta biki aka yi, ta ce a'a, ƙuraje suka fito mata, surukarta ta ce lalle na busar da su, sai ta riƙa maimaitawa. Da muka duba gefen da lallen ya koɗe, ga tabo nan birjik. Aka ɗauki jini: tunjere, cutar da ake ɗauka wurin saduwar mace da namiji. Majo ya ce cutar kan sa ƙoda ta riƙa zubar da abin da jiki ke buƙata cikin fitsari, shi ne kumburin.

Wallahi murna na yi, abin takarda ga shi ido da ido. Har na zaro waya zan ba 'yan aji labari. Majo ya ce in maida ta aljihu, in je in gaya ma Hassu dole mijinta ma ya sha allura, in ba haka ba cutar za ta dawo.

Mijin yana arewa da shanu, sai bayan kaka. Na yi mata bayani a hankali, kanta a ƙasa. Ta ce, "Ɗana, ko sunanshi ban taɓa faɗi ba. Da wane baki zan ce mashi wannan?"

Ta sha allurarta, kumburi ya saɓe, ta roƙe mu kada surukarta ta ji. Sitaj ɗina ya ƙare shanu ba su dawo ba.

A lakol, wato makaranta, an koya mana cutar da maganinta. Ba wanda ya koya mani yadda ake kai allura ga mutumin da matarshi ba ta iya kiran sunanshi. Har yau in na kira majo, sai ya ce mijin bai zo ba.