Gawayina Bai Hau Jirgin Ƙasa Ba

Faisal zuwa Ramsis

Na fito kafin kiran asuba, gwiwata na ciwo kamar kullum. Ga wanda bai san ni ba, gawayi nake sayarwa a Alƙahira. Kayana sun iso Aswan daga Sudan. Haj Sabri, mai gidajen shayin da ke sayen yawancin kayana, ya ce in suka wuce farkon azumi, ko suka zo a farfashe, zai koma wajen wani. In ya tafi, shagona ya mutu.

Na hau ƙaramar bas daga unguwarmu Faisal zuwa tashar jirgin ƙasa ta Ramsis, na yi sallah a can, na ci ful, dafaffen waken Misirawa, da burodi. Tun daga gida na yanke cewa jirgin kaya zan ɗora wa gawayin. Mahaifina ya yi aikin reluwe a Zariya, har ya rasu yana cewa babu abin da ya kai jirgi arha.

Aswan

Wuni cur a zaune a jirgin fasinja, sai bayan magariba na sauka. Malam Idrisu, Bahaushen Sudan da ke karɓar mini kaya, ya sauke ni a ɗakinsa. Da safe muka je ofishin lodi.

Ma'aikacin ya ba mu shayi, ya ce, "Ya Haj, tarago ake haya, ba buhu ba. Ko dutse ka zuba ko auduga, kuɗinsa ɗaya."

Ya ce masu kwal ne ke cin ribar jirgi. Kwal na da nauyi, kuma jirgi sukutum suke ɗauka daga bakin teku har ƙofar masana'anta. Gawayina kuwa zai cika tarago tun nauyin bai je ko'ina ba. Duk da haka, da na gwada da kuɗin mota, jirgi ya ɗan fi sauƙi. Na ce jirgi zan bi, khalas, magana ta ƙare.

A waje Idrisu ya ce, "Alhaji, jirgin nan zai shiga lungunku na Faisal?"

"A'a."

"To daga sito zuwa mota, mota zuwa tarago, tarago zuwa wata motar, sannan shago. Zo ka gani."

Muka nufi sito. Ya ɗaga buhu guda ya yar da shi sau huɗu, yadda 'yan dako ke yi, ya farke gindinsa. Gari ya zubo har kan takalmina.

Na ce, "Wannan buhun a wuyanka yake."

Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri. Karatu ka saya, kuma na yi maka ragi."

Hanya

Na ɗauki babbar mota, na biya tsadar ina jin zafinta. Na tsaya a kan lodin da kaina, na shiga gaba kusa da direba, Usta Ragab (Usta suke ce wa direbobi). Duk tudun titi sai in ce, "Usta, a hankali, ƙwai ka ɗauko."

"Ya Haj, ban taɓa ganin baƙin ƙwai ba."

Kusa da Luksor aka tsayar da mu a shinge. Ɗan sanda ya duba fasfona da takardar zama, ya ɗaga tamfol, ya dubi hannunsa da ya yi baƙi, ya ce yalla, mu wuce. Muka kwana wajen Asyut a cikin motar, bayan miyar adas mai zafi, wani ɗan ƙaramin wake nasu. Bayana bai yafe mini ba har yau.

Faisal

Mun shigo da hantsi, cunkoson Giza ya riƙe mu har azahar. Haj Sabri ya zo shago da kansa. Bai ko kalli bakin buhu ba. Ya zaɓi na can ƙasa, ya kifa shi, ya farke gindin, ya tura hannu har gwiwa. Ya zaro dunƙule biyu ya buga su, suka yi ƙara kamar ƙarfe.

Ya ce, "Tamam, ya yi. Bayan sallah ka ƙaro."

Da na shiga gida matata Hajara ta kawo ruwa, ta ce, "Malam, yaya jirgin naka?"

Na ce, "Ni na hau, gawayin bai hau ba."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Idrisu da Usta Ragab. Baba kuwa, Allah ya jiƙansa, bai yi ƙarya ba. Gyaɗa ya yi wa lodi, ita ko an yar da ita gyaɗa ce.