Ranar da Aka Nemo Mini Gaggafa a Kayan Lefe

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin zan manta da abin da ya faru gab da aurena. A lokacin ina karatun tarihi a Lyon ta ƙasar Faransa, kuma aikin da aka ba ni shi ne harajin daular Aztek ta tsohuwar Meksiko. Mutanen nan zanawa suke yi. Kowane gari da suka ci da yaƙi, sai a zana abin da zai riƙa kai wa sarki: zannuwan auduga, tulunan zuma, kokon cakulan, koren gashin tsuntsu, rigar yaƙi mai siffar damisa, har da gaggafa mai rai. Wayata cike take da hotunan, kowanne na rubuta adadinsa a ƙasa.

Saurayina yana da gwaggo a Aubervilliers da ke gefen Paris, Hajiya, 'yar kasuwa, ita aka ɗora wa haɗa lefe. Ta kira ni ta ce, "Ɗiyata, turo mini hotunan irin kayan da ranki ke so, kar mu saya ki ƙi sawa." Ina gudun kar jirgin taram ya bar ni, na dangwala hotuna na tura, har na ƙara da cewa, "Hajiya, ko ba a samu duka ba, a dai ƙoƙarta."

Kwanaki suka wuce. Saurayin nawa ya koma amsa waya da "to" da "madalla". Da na matsa masa sai ya ce, "Ashe haka al'adar gidanku take?" Na zaci leshi yake nufi, na ce, "Ai kowace mace ta gidanmu da shi aka kai ta." Na ji ya ja dogon numfashi.

Ranar Asabar aka ce in zo Paris. Na tarar da falon Hajiya cike da manyan mata, ba mai fara'a. Aka yi gaisuwa doguwa, aka tambayi mutanenmu na Damagaram ɗaya bayan ɗaya. Sannan Hajiya ta jawo wata ƙatuwar jaka. Ta fito da kwalaben zuma, da katan na garin koko, da damin gashin kaza da aka rina kore. Daga ƙarshe ta ɗaga wata rigar barci mai zanen damisa, da kunnuwa, da wutsiya.

"Wannan sai da na zaga shagunan sari kaf," in ji ta. "Gaggafa ce ta gagare mu. Mai sayar da tsuntsaye ya ce zai kira mini 'yan sanda. Zannuwa kuma ɗari huɗu, ɗiyata, ki ji tsoron Allah. Yaron nan ma'aikaci ne, ba sarki ba."

Wata tsohuwa ta matso ta yi ƙasa da murya: "Faɗa mana gaskiya, masu bori ne a danginku?"

Na karɓi wayar Hajiya na duba. Babu atamfa ko ɗaya. Harajin Aztek na tura, shafi bayan shafi. Na so in yi kuka, dariya ta riga shi fitowa, har na zame daga kujera. Da ƙyar na yi musu bayani, cewa kayan da talakawa ke kai wa wani sarki ne, shekaru ɗaruruwa da suka wuce.

Hajiya ta cire tabarau. "Kuma sun riƙa kaiwa?"

Na ce, "Dole, in ba haka ba a zo musu da yaƙi."

Ta dafe ƙirji. "Allah sarki, bayin Allah! Ni 'yan kwanaki na yi ina nema, jinina ya hau. Ina sarkin yake yanzu?"

"Daular ta rushe, Hajiya."

"Yo ba dole ba!"

Falon ya kece da dariya. Rigar damisa ba a mayar da ita in an saya, don haka Hajiya ta ce wanda ya yi fushi bai tambaya ba shi zai sa ta. Aka kira angon nawa daga ɗaki, ya fito da wutsiya tana jan ƙasa, ya rarraba mana shayi a haka.

Tun daga ranar ba na tura saƙo sai na duba. Amma babban abin da na koya ya wuce wannan. Aurena ya kusa lalacewa don kowa ya ji kunyar ya tambaye ni, "Me kike nufi?" Yanzu in abu ya zo mini bambaraƙwai daga wanda nake ƙauna, tambayarsa nake fara yi kafin in yi fushi, ko in tafi neman gaggafa.