Minti Shida na Ba Grema

"Awa ɗaya da minti biyu, Baban Amatullahi. Shekaranjiya uku, jiya biyu, yau ma biyu. Ni ce nake ƙarya ko salular?"

Muryar Zulaihat ce ta ratso bangon. Ba Grema yana zaune a shagonsa na gyaran keke da taya bisa cinya, ya shafa mata gam yana jira ya sha iska. Bangon ƙasa ne mai tsagu, shi ya raba shagon da ɗakin da Sadiƙ da matarsa suka sauka tun da suka baro Tumur. Ko cokali ya faɗi a can, ana jinsa a nan.

"Salularki 'yar kasuwar dare," in ji Sadiƙ. "Ko kiran salla ba ta yi daidai."

"Agogonsa fa? Ya girme ni, ya girme ka. Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma na san biyu, na san takwas. Kullum ka dawo ya ce maka awa ɗaya da takwas, kai kuma ka sunkuyar da kai kamar wanda ya yi ɓarna."

"Ki rage murya, yana shago."

"Ya ji mana! Shekara huɗu kana fita da asuba kana dawowa da ƙafafu kamar na aro. Yayanka shi kaɗai yake ban ruwan tattasai a bakin Komadugu, kai kana tsere da iska. Ranar Alhamis ake rufe sunayen masu zuwa tseren Yamai. In bai sa maka hannu a takardar ba, ka rataye keken nan ka koma gona, mu san ranar da muka huta."

Sai Sadiƙ ya ce, a hankali, "In ya ce ban kai ba, ban kai ba. Na cika talatin. Wannan karon in bai sa ba, na rataye."

Gam ɗin ya bushe ƙarau a kan tayar. Ba Grema ya kankare shi da farce, ya sake shafa wani.

Mutanen Diffa sun san shi da mai faci, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma da ka shiga shagon ka ɗaga kai, za ka ga takarda cikin gilashi wadda rana ta cinye rabin rubutunta: shaidar cewa Grema Alkali ya yi horon koyar da tseren keke. A duk jihar shi kaɗai yake da irinta, don haka duk mahayin da zai tafi tseren ƙasa a Yamai sai da sa hannunsa da hatiminsa. A ƙuruciyarsa shi ma ya hau. Ya taɓa zuwa na huɗu a Damagaram da keken da aka yi wa walda a wuya, kuma yakan ba da labarin sau ɗaya ga kowane sabon mahayi, ba ya maimaitawa. Gwiwar hagu ce ta sauke shi.

Hanyar koyarwarsa ƙasar ce ta tsara masa ita. Diffa ba ta da tudu, sai ya mai da iskar gabas tudu: a tafi yamma da ita a baya, a dawo tana dukan ƙirji lokacin da ƙafa ta riga ta gaji. Ranar Talata da yamma yakan ɗaura tsohuwar tayar mota da igiya a bayan keke a ja ta cikin yashi. Ranar Asabar gudu ne tsakanin turakun lantarki, biyar da ƙarfi, biyar a huta, har sai mutum ya fara jin ɗanɗanon ƙarfe a baki. Dabino bakwai a aljihu, gishiri da sukari a gorar ruwa, fura sai an dawo. A da yana bin mahayansa a babur yana yi musu tsawa. Da aka hana hawa babur saboda rikicin nan, sai ya koma zama bisa benci a mashigar gari, kusa da shingen sojoji, da agogon tsere rataye a wuya. Mahayi ya tafi har dutsen kilomita na ashirin a hanyar Gagamari ya juyo. Abin da agogon ya ce shi ne gaskiya, kuma ba mai kallon fuskar agogon sai Ba Grema.

Dokarsa ɗaya ce, kowa ya san ta: wanda bai sauko ƙasa da awa ɗaya da minti biyar ba, ba ya zuwa Yamai ya kunyata Diffa.

Mutum goma sha ɗaya ya horar. Ɗaya ya shiga soja. Biyu suna tuƙa motocin agaji zuwa sansanin Sayam Forage. Wasu aure ya ɗauke, wasu gudun hijira. Khalilu, wanda ya fi su duka, ya je Yamai ya zo na uku, aka sa shi a rediyo ya gode wa wani mai horarwa na can da ya san shi mako biyu. Bai dawo ba. Sadiƙ shi ne na goma sha biyu, kuma ba na goma sha uku a hanya. Samarin yanzu ƙwallo suke so, ko salula.

Ba Grema ya tuna ranar farko da ya ƙara mintocin. Shekara biyu ke nan. Sadiƙ ya taso daga yamma cikin iska, ya ƙetare layin da aka ja da gawayi, agogo ya ce awa ɗaya da minti huɗu. Bakin Ba Grema ya ce, "Da goma." Bai shirya ba, fitowa kawai ta yi. A hanyar komawa ya gaya wa kansa dabara ce: mahayin da ya san ya kai sai ya saki jiki. Bayan wata shida ya sake wani dalili, cewa keken Sadiƙ na ƙarfe ne mai nauyi, a Yamai za a yi masa dariya. Da wannan ma ya tsufa sai ya ce hanya ba lafiya, ga mata ga ɗiya ƙarama. Duk dalilan suna da ƙamshin gaskiya, shi ya sa suka daɗe.

Amma yanzu, da tayar a cinyarsa da maganar Zulaihat a kunnensa, ya gaji da yi wa kansa ladabi. Matarsa ta rasu, ɗiyansa biyu suna aure a Maine. A duk faɗin garin mutum ɗaya ne yake ƙwanƙwasa masa ƙofa bayan sallar asuba ya ce, "Ba Grema, yau me za mu yi?" Duk sauran masu zuwa cewa suke, "Mai faci, sa mini iska." Minti shida yake biya kowace safiya don a ci gaba da yi masa waccan tambayar, kuma ba daga aljihunsa yake biya ba. Daga cinyoyin wani yake yanka.

Ga shi dabarar ta zo ƙarshenta. In ya ce takwas, Sadiƙ ya rataye keke ya koma tattasai. In ya faɗi abin da agogo ya ce, Sadiƙ ya shiga motar Yamai, kuma ya tafi da sanin abin da aka yi masa. Ko ta ina, bencin ya zama na mutum ɗaya.

Washegari Laraba suka fita kamar kullum, Sadiƙ yana tura keke, Ba Grema yana jan ƙafar hagu. Ba wanda ya ta da maganar jiya. A mashigar gari Zulaihat ta riga ta kafa kaskonta, don a nan take soya ƙosai tana sayar wa direbobin da ke jiran a buɗe shinge. Ta gaishe shi har ƙasa.

"Ba Grema, an tashi lafiya? Ya gwiwa?"

"Gwiwa tana nan, ɗiyata."

"Ya agogo?"

Wani soja da ke cin ƙosai a tsaye ya yi dariya ba tare da ya san abin dariyar ba. Ba Grema ya zauna. Ya ga ta ajiye salularta bisa faifai, fuska a sama, kusa da gwangwanin yaji.

Ya ɗaga hannu, ya sauke. Sadiƙ ya miƙe bisa feda ya tafi, bayansa a lanƙwashe, har ya zama ɗigo a kan kwalta. Yatsu biyu suka danna a tare, ɗaya bisa benci, ɗaya bisa faifai.

Awa guda doguwa ce ga wanda ba ya son ta ƙare. Motar ɗaukar tattasai ta wuce, jan buhuna har sama, ta bar musu tari. Matan Gagamari suka shigo da itace bisa jakuna. Iska ta tashi da wuri, tana kwasar leda tana mannawa a ƙayar bakin hanya, Ba Grema ya ji wani abu a ransa yana fatan ta ƙara ƙarfi, ta yi masa aikin da bakinsa ya saba yi. Ya ji kunyar fatan, amma bai janye shi ba.

Sai ga Sadiƙ can. Ba Grema ya san hawan kowane mahayinsa daga nesa, kuma bai taɓa ganin mai juya ƙafa sumul kamar wannan ba, kafaɗu ba sa motsi, kai a ƙasa, kamar iskar ba da shi take ba. Shi ya gina wannan. Ko me za a ce, shi ya gina shi.

Taya ta taka gawayi. Ya danna. Awa ɗaya da minti ɗaya da daƙiƙa arba'in.

Sadiƙ ya zagayo, ya kifa goshi bisa kan keke, gishiri ya yi masa fari a gefen fuska. Bai tambaya ba. Bai taɓa tambaya ba, jira yake yi a faɗa masa. Man kasko yana ta ƙara, Zulaihat ba ta juya ƙosan ba.

"Awa ɗaya," in ji Ba Grema. Ya rufe agogon cikin tafin hannu. "Da huɗu."

Har a nan sai da ya riƙe biyu. Daga takwas zuwa ɗaya rami ne da ba mai tsallake shi a kwana guda, daga takwas zuwa huɗu kuwa ana iya cewa ƙafa ce ta yi kyau yau. Ya ba Sadiƙ Yamai, ya ajiye wa kansa abin rufe fuska.

Sadiƙ ya ɗago. "Huɗu, Ba Grema? Na sauka?"

"Ka sauka."

Zulaihat ta dubi salula, ta dubi tsohon, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta kife salular, ta tsame ƙosan da suka fara ƙonewa.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Agogo ya samu sauƙi. Allah ya ƙaro lafiya."

Da azahar Sadiƙ ya kawo takardar har shago, a cikin leda don kada mai ya taɓa ta. Ba Grema ya wanke hannu da omo sau biyu. Tawadar hatimin ta bushe, sai da ya ɗiga mata ruwa ya hura. Ya sa hannu a hankali, harafi bayan harafi, kamar yadda aka koya masa a lakwal. Sadiƙ yana ta magana, abin da bai saba ba: motar Asabar zai shiga, zai cire ƙafafun keken ya naɗe su da tabarma, yayansa ya ce zai riƙe gonar mako biyu.

"Mako biyu kawai, Ba Grema. Ina dawowa mu ci gaba."

Ba Grema ya gyaɗa kai. Ya sha jin wannan. Ya dubi fuskar Sadiƙ yana neman alamar ko ya sani, bai samu komai ba sai gajiya da murna, kuma ya kasa tantance ko rashin sani ne ko kuwa kara ce ake yi masa. Ya ɗauko sabuwar sarƙa daga ƙusa, wadda ya ɓoye tun bara, ya tura masa.

Sadiƙ ya yi godiya, ya fita. Har ya kai bakin hanya Ba Grema ya taso ya dafa ƙyauren.

"Sadiƙ."

Ya juyo.

"A can mutum sittin ne za su tashi tare, taya na shafar taya. Kai kuwa shekara huɗu kai kaɗai kake gudu, ban taɓa koya maka tafiya cikin mutane ba. Da na tura ka bara ka gani, ban tura ba. Ka tsaya gefen dama, kada ka shiga tsakiya. Abin da ya rage mini in ba ka ke nan."