Gyaran keken asibiti a bayan Illela

Muna idar da sallar asuba muka bar Konni, ni da wani abokin sana'ata a kan babur ɗinsa, jakar kayan aiki a bayana. Majo ne ya kira ni, wato mai kula da ɗakin shan magani na wani ƙauye a bayan Illela ta jihar Tawa. Keken lantarkin da suke ɗaukar marasa lafiya da shi ya tsaya, in an murɗa sai ya yi ta karkarwa wuri ɗaya.

A Tsarnawa muka sha shayi muka ɗauki hanyar Tawa. Damina ta ci kwalta, ramuka cike da ruwa, abokina yana kauce musu yana faɗa da su kamar suna jin sa. Gero ya yi kai amma duk ya yi rawaya. A Badagishiri kwalbar mai ta ƙara tsada a kan ta Konni, mai sayarwa ya ce mu gode Allah da muka samu. Daga Illela sai yashi da laka, muka ƙetare korama biyu muna tura babur.

Da hantsi muka isa. Keken yana ƙarƙashin rumfa, kaji sun hau kujerarsa. Direbansa dattijo ne mai furfura. Ya gaishe mu a hankali, ya tsuguna gefe.

A cikin motar irin wannan keke, wato injin da ke juya ƙafarsa, akwai wasu 'yan ƙwayoyi uku, kowace ba ta kai wake ba, muna ce musu sansa. Su ke gaya wa akwatin wuta gudun da ƙafa take yi. Zafi yana ƙona su, girgiza tana tsinka musu waya, ruwa kuma ya fi komai kashe su. Na sa mita ta awon wuta, na ce dattijon ya juya ƙafar da hannu. Biyu suna amsawa, ta uku shiru. Da na buɗe motar sai ruwa mai tsatsa ya zubo, robar bakin gatari, ƙarfen da ke juya ƙafa, ta tsage. Na goge, na shanya a rana, na cire duka ukun na liƙa sababbi da dalma, na toshe bakin da gam. Aka murɗa, keke ya tafi sumul.

Ba wanda ya yi murna. Majo ya ja ni gefe ya ce yau kwana uku ke nan da ɗiyar dattijon ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. A amalanken jaki aka nufi Illela da ita, ba su kai korama ta biyu ba ta rasu. Kwana tara da suka wuce majo ya fara kirana, ni kuwa ina ta cewa sai na rage aikin shago.

Na je na durƙusa na yi wa dattijon gaisuwa. Ya amsa, sannan ya ce, "Ɗana, miƙo mini abin da ya lalace in gani."

Na sa masa ƙwayar a tafin hannu. Ya daɗe yana kallonta.

"Wanga ɗan abu?"

"Shi ne, Baba."

"Allah ya riga ya rubuta. Amma koya mini, kada in sake jiran kowa."

Aka kawo mana fura da kwaɗon zogale, na kasa ci. Har la'asar ina nuna masa yadda ake awo da mita da yadda ake riƙe ƙarfen dalma. Sau uku yana kuskure, amma a karo na huɗu ya haɗa daidai. Na bar masa mitata da sauran ƙwayoyin da na zo da su.

A hanyar dawowa abokina bai ce wa rami ko ɗaya komai ba. Mun shigo Konni ana kiran magariba. Shekaru ina gyara, ina auna gaggawar aiki da girman abin da ya lalace. Tun daga ranar, duk wanda ya kira ni, kafin in tambaye shi me ya sami injin, sai na fara tambayar me ake yi da shi.